A Auna Ƙasar Tsoffin Masana'antun Kano Kafin a Yi Gini

Masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa da Chalawa sun daina aiki, filayensu kuma suna jan hankalin masu gina gidaje da shaguna. Sai dai rufe masana'anta ba ya kawar da abin da ta zubar. Kamfanonin jima sun shafe shekaru suna aiki da sinadarin kuromiyom, wanda ba ya ruɓewa. Yana zama cikin ƙasa, ya tsiyaya zuwa rijiya, ya bi ƙurar da yaro ke shaƙa a tsakar gida. Don haka ya kamata hukumar tsara birane ta jihar Kano, KNUPDA, ta hana gini a kowane tsohon filin masana'anta har sai an auna ƙasarsa da ruwansa, an kuma bayyana wa jama'a sakamakon.

Wasu za su ce wannan sharaɗi zai kori masu zuba jari. Zamfara ta nuna cewa sakaci da gurɓatacciyar ƙasa ya fi tsada: a 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, sannan dole aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Bagega, aka zuba sabuwa. Rigakafi ya fi magani. Wasu kuma za su ce masu kamfanonin sun watse. Inda wanda ya gurɓata fili yake nan, shi zai biya kuɗin tsabtace shi. Inda ya ɓace, gwamnati ta sassauta wa mai saye haraji, bisa sharaɗin ya tsabtace wurin a gaban jami'an lafiya. Lafiyar iyalan da za su tare a can amana ce a wuyan hukuma.