Ƙasar Sin da Abincin Mutanenta

Mutanen ƙasar Sin sun haura miliyan 1,400, watau kusan ɗaya cikin biyar na jama'ar duniya, amma rabonsu na ƙasar noma bai kai ɗaya cikin goma ba. Yammacin ƙasar galibi duwatsu ne da hamada. Abinci daga gabas ya ke fitowa, shinkafa a kudu wajen kogin Yangtse, alkama da masara a arewa.

Saboda haka waɗansu su kan ce ƙarancin gona ne ya jawo musu yunwa. Mu kuwa ba mu yarda ba. A 1958 hukuma ta haɗe gonakin talakawa, ta janye manoma zuwa narkar da ƙarfe, ta kuma sa aka karkashe gwarare, ƙwari suka sami sake. Ma'aikata, don tsoron manyansu, suka riƙa aika labarin albarkar da babu ita, hukuma ko ta karɓi hatsi gwargwadon ƙaryar. Daga 1959 zuwa 1961 yunwa ta hallaka mutum miliyan 15, ko a ƙidayar da ta fi sassauci.

To, a 1978 manoma 18 na ƙauyen Shiyawogan a lardin Anhuwi suka raba gonar gayyarsu a asirce, kowane gida da nasa. Ƙasar ba ta ƙaru ko taki ɗaya ba, amma rumbuna suka cika, har hukuma ta bi sawunsu. Kafin wannan, a 1973, masani Yuwan Longping ya fid da irin shinkafa mai yawan yabanya.

Ba mu ce ƙasa ba ta da iyaka ba. Birane suna cin gonaki, shi ya sa a 2006 hukuma ta yanke cewa ƙasar noma kada ta kasa hekta miliyan 120. Duk da haka a 2020 sun sayo waken soya wajen tan miliyan 100, yawanci daga Barazil da Amurka, don ciyad da dabbobi. Lalle tsare gonakin nan daidai ne, gama da ruwan ciki a kan ja na rijiya, hatsin da ke cikin jirgin wani kuwa ba naka ba ne sai ya iso.

Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, ya kamata mu koya musu wannan: ƙaramar gona ta kan ci da jama'a mai yawa, muddin an bar manomi ya ci guminsa, an kuma gaya wa shugaba gaskiyar abin da ke cikin rumbu.