Yi Wa Kwamfuta Ƙaimi: Wasa Ne Ko Ilmi?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata sana'ar sha'awa da samarin ƙasashen waje su ka daɗe suna yi, yanzu kuwa ta fara shigowa cikinmu. Ita ce yi wa kwamfutar tebur ƙaimi, watau a sa ta gudu fiye da yadda masu ƙera ta su ka ƙayyade. Waɗansu malamai suna ganin ɓarna ce kawai da ɓata lokaci. Ni kuwa ina ganin akwai ilmi a ciki, muddin an bi ta da hankali. Bari in faɗi dalilina.

Da fari sai mu san abin da a ke yi wa ƙaimin. A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan guntu da a ke kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Yana aiki ne bugu-bugu, kamar makaɗi da ganga. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz ɗaya, miliyan dubu kuwa gigahaz ɗaya. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 megahaz 4.77 ta ke yi. Na yau sun wuce gigahaz 3, waɗansu har 5. Mai ƙaimi ya kan shiga wurin saitin da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, wanda a ke kira bayos, ya ƙara yawan bugun, ya ɗan ƙara ƙarfin wuta domin furosesa ya iya ɗauka.

Abin ya yi suna ƙwarai a 1998, sa'ad da kamfanin Intel ya fitar da wani furosesa mai araha, Celeron 300A. Gudunsa lissafi ne da ɗan firamare zai iya: bugun allon kwamfuta, wajen 66, sau 4.5, ya ba da wajen 300. Masu dabara su ka mai da 66 ɗin 100, sai ga shi yana 450. Da kuɗin talaka su ka sami gudun na mai arziki. Daga nan abin ya zama gasa. A 2011 an kai wani furosesa na kamfanin AMD gigahaz 8.4, a ƙarshen 2022 kuma an haura gigahaz 9 da wani na Intel. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Masu gasar ba da fanka su ke sanyaya shi ba. Su kan tuttula masa ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri, ko ruwan hiliyom da ya fi shi sanyi, kuma na ɗan lokaci kaɗan ne.

To, a nan ne maganarmu ta bambanta da tasu, gama gudu da zafi tare su ke tafiya. In ka ƙara ƙarfin wuta da kashi 10 cikin ɗari, zafin da furosesa zai fitar ya kan ƙaru da kimanin kashi 21, tun ba ka ƙara bugu ko ɗaya ba. In ya kusa digiri 100 sai ya rage gudu da kansa, ko ya kashe kansa domin kada ya ƙone. Bature yana yin nasa a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a Yangoji da sauran ƙasar Kwali, cikin watan Maris, ɗakin da a ka rufa da kwano ya ishi mutum gumi tun hantsi. Da hunturu ƙura ta cika fanka ta toshe ramukan iska. Wuta kuma ta zo ta ɗauke, a koma janareta mai hawa da sauka. Wanda ya kwaikwayi abin da ya gani a intanet bai duba ɗakinsa ba, dokinsa zai kashe a sukuwar fari. Ya kuma sani masu ƙerawa ba su biyan wanda ya ƙone kayansa ta wannan hanya.

Har wa yau, ribar ba ta kai ta da ba. Furosesa na zamanin nan su kan ƙara wa kansu gudu in sun ga akwai sauran sanyi, sabo da haka abin da a ka bar wa mai ƙaimi kaɗan ne. Da yawa cikin kwamfutocin ofis da a ke kawo mana na hannu ma a kulle su ke, ba su karɓar ƙaimi ko kaɗan.

Mai karatu zai ce, to, ina amfanin abin? Amfaninsa ba a gudun ya ke ba. Wanda ya shiga wannan sha'awa dole ya buɗe akwatin, ya san sunan kowane guntu da aikinsa. Dole ya koyi auna zafi. Dole ya canja abu ɗaya tak, ya gwada na sa'o'i, ya rubuta abin da ya gani, sa'an nan ya canja na biyu. Ashe ba wannan ne mu ke karantawa a darasin koyar da kimiyya ba? Mun haddace shi domin jarrabawa, shi kuwa yana yi da hannunsa.

Ga kuma bukata. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba zai zauna tare da ɗan Garki ko Wuse, a ba su lokaci ɗaya. A makarantun karkara da yawa kuwa a kan sami kwamfutoci a jere an lulluɓe su da zane, an ce sun mutu. Sau da dama ba mutuwa su ka yi ba. Ƙura ce, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen shan zafi ya bushe, ko ɗan batirin allo ya ƙare. Ba wanda ya buɗe domin kowa na tsoron a ce shi ya ɓata. Malami ɗaya da ba ya tsoron sukurdireba zai iya tā da rabinsu kafin a nemo mai gyara daga Banex. Da tsohuwar zuma a kan yi magani.

Mu mutanen wannan ƙasa ba baƙin sanin wuta ba ne. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20, ta iya gina tukunya tun tana yarinya. Da ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yau, a 1954, ba ta ji tsoron murhun Turawa ba, ta koye shi har sunanta ya kai Ingila da Amurka. Kowace maginiya ta san wutar da ta gasa tukunya ita ce ke fasa ta in ta wuce kima.

Shawarata ita ce mu kafa ƙungiya a kolejin nan, mu roƙi shugabanmu ya ba mu tsofaffin kwamfutocin da a ka fid da rai da su. Mu sa doka uku. Ta fari, ba mai yin gwaji da kayan ɗakin karatu ko na wani. Ta biyu, a fara da shara da sanyaya kafin a yi zancen gudu, a kuma cire wuta kafin a sa hannu. Ta uku, kowane gwaji a rubuta shi cikin littafi. Mu koyi rage ƙarfin wuta ma, gama a ƙasa mai zafi furosesa da a ka ɗan rage wa wuta ya kan yi sanyi, ya daɗe yana gudu bai gaji ba. 'Yan'uwanmu mata kada su ce aikin maza ne, su ma azuzuwa za a ba su.

Nan da shekara ɗaya ko biyu za a rarraba mu makarantu, waɗansu kan hanyar Lokoja, waɗansu can cikin daji inda ba mai gyara. Yara za su tambaye mu abin da ke cikin akwatin nan. Ya kamata mu iya buɗe musu su gani.