Kafin A Rage Mana Kuɗin Wuta, Mu Fara Cire Jan Ƙwai

 Yau kan ƙwan fitila zan yi magana. Na san wani zai ce, "Malam, ana ga yaƙi kana ga ƙura? Ana kukan tsadar wuta kai kana zancen ƙwai?" To a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, domin maganar ta shafi aljihun kowane magidanci.

Mun san yadda aka yi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225. Da aka yi caa, a watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80, a watan Yuli kuma ya koma naira 209.50. Wannan ya zo ne bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wanda ya sa janareta ma ya gagari mutane da yawa. Mun yi magana a kai, kuma za mu ci gaba da yi. Amma farashin yunit a Abuja ake yanka shi. Adadin yunit ɗin da gidanka yake sha kuwa, a ɗakinka ake yanke shi, kuma kai ne shugaban hukumar.

Mu yi lissafi, kowa ya ɗauko wayarsa ya gwada. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A ce gida yana da ƙwai shida: ɗaki biyu, falo, kicin, bayi da tsakar gida. Idan jan ƙwai ne mai wat 60, kuma kowanne yana kunne awa shida a rana, an sha wat 2,160 kenan, wato yunit biyu da ɗan ɗoriya. A wata ya kama kusan yunit 65. Yanzu a cire su a sa farin ƙwai na LED mai wat 9, wanda haskensa ya kai na wancan. Awa shidan dai, ƙwai shidan dai, amma a wata abin da za su sha bai kai yunit 10 ba. Bambanci yunit 55 kenan.

Ga ɗan rukunin A, a farashin Yulin 2024, yunit 55 ya haura naira 11,000 duk wata, kafin ma a ɗora haraji. Wanda yake wani rukunin, a ce yana sayen yunit a naira 60, ya tsira da naira 3,300. Wannan kuɗin cefane ne, kuɗin littafin yaro ne, kuma ba sau ɗaya ba, duk watan duniya. Idan wutar unguwarku ba ta kai awa shida da dare, sai ka rage lissafin daidai da naka, amma rabon yana nan yadda yake: abin da jan ƙwai ɗaya yake sha zai kunna LED shida har da saura.

Me ya sa haka? Jan ƙwai wata 'yar siririyar waya ce a ciki ake gasawa har ta yi haske. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama, ba haske ba. Shi ya sa ba ka iya taɓa shi idan ya daɗe a kunne. Ka duba fa, a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri, mutum ya kunna abin da yake dumama masa ɗaki, sannan ya kunna fanka ta kore zafin, ya biya kuɗin duka biyun. Masu kiwon kaji ne kaɗai nake yi wa uzuri, domin su zafin suke nema don 'yan tsaki. Kai da ba kaji kake kiwo a falo ba, me kake yi da shi?

Wasu za su ce ai su tuni suka canja. Madalla. Amma a zagaya gida a duba da kyau. Galibi falo da ɗakin maigida ake canjawa, a bar na zaure, na bayan gida, na sito da na ƙofar gida. Kuma na ƙofar gidan nan shi ne babban ɓarawo, don shi yake kwana a kunne. Ƙwai ɗaya mai wat 100, daga magariba zuwa asuba, a ce awa 11, yunit 33 yake lashewa a wata shi kaɗai. LED mai wat 15 a gurbinsa yunit biyar zai sha. Haka masu shaguna, masu shayi, teloli da masu aski. Ga kuma al'adarmu ta barin makunni a buɗe don mu san an kawo wuta, mu fita kasuwa ƙwai yana ta ci da tsakar rana.

Akwai ƙorafi biyu da nake ji, kuma duka suna da ƙamshin gaskiya.

Na farko, LED ya fi tsada, kuma wani ko wata uku ba ya yi ya mutu. Haka ne. Kasuwa ta cika da jabu. Za ka ga kwali an rubuta wat 20, ka kunna ka ga haske kamar na aci-bal-bal. Shawarata, kada ka tsaya kan wat kawai, ka nemi adadin lumen a jikin kwalin, shi ne ma'aunin haske. Lumen 800 shi ne kwatankwacin tsohon ƙwai mai wat 60. Ka sa mai shago ya gwada maka a gabanka, ka saya inda za ka iya mayarwa, kuma idan araha ta yi yawa ka tuna ba ta ado. Jan ƙwai kimanin awa 1,000 yake yi, wato ko wata shida bai cika ba idan ana kunna shi awa shida kullum. LED mai kyau an yi shi ne ya yi awa 15,000 ko fiye. Ba dole sai ka canja duka rana ɗaya ba. Fara da wanda ya fi daɗewa a kunne, abin da ka tsira da shi ka sayi na biyu. Wanda kuma yake da farin ƙwai mai lanƙwasa irin na da, ya bar shi ya ƙare kwanansa, amma a yi hattara idan ya fashe, akwai sinadarin makuri a ciki, a buɗe taga, a hana yara taɓawa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Mutum ya ce, "Ni ba ni da mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo mini. Ko na kwana a duhu kuɗin ɗaya ne." Wannan gaskiya ce tsagwaronta, kuma nan ne maganar ƙwai ta haɗu da maganar haƙƙi. Tsimin wuta ba ya shiga aljihunka kai tsaye sai da mita. Tun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a caji marar mita, kuma a watan Fabrairun 2024 ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda tsallake wannan iyaka. Ke nan ƙorafin talaka ba sharri ba ne, hukuma da kanta ta tabbatar. Don haka a duk taron mazaɓa, a duk zama da wakili, maganar mita ta shiga sahun farko. Duk da haka, marar mita ma yana da riba. Idan janareta kake tayarwa, ƙaramin lodi yana rage masa wahala. Idan sola ce, batirin da zai riƙe jan ƙwai awa ɗaya zai riƙe LED awa shida. Kuma taransifomar unguwa da take bugawa da daddare saboda lodi, a zo ana bin gida-gida ana karo-karo, kowane wat da aka sauke mata sauƙi ne gare mu duka.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin abu ne da bai kai a kira shi manufa ba. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Ghana ta shiga matsalar wuta. Gwamnatin John Kufuor ta sayo fararen ƙwai miliyan shida ta raba kyauta, ana karɓar tsofaffin. Buƙatar wuta a lokacin da aka fi jan ta ta ragu da kimanin megawat 124. Kamar an gina sabuwar tasha ce ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba. A ƙasarmu da mutum sama da miliyan 200 suke rabon wutar da sau da yawa take yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, wa zai raina irin wannan?

Shi ya sa nake kira ga masu riƙe da muƙamai da masu nema, daga kansila zuwa ɗan majalisa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar shiga harkar wuta da kansu, uzurin "ai na tarayya ne" ya ragu. Taliya da sabulu kwana biyu suke yi su ƙare. Ƙwai huɗu masu inganci a gidan bazawara ko dattijo, duk wata sai sun rage masa wani abu. A fara da asibitin mazaɓa, makarantun dare da kasuwanni. A yi ba-ni-in-ba-ka, kawo ja ka karɓi fari, don kada tsohon ya koma wani ɗakin. Hukumar SON kuma ta matsa wa masu shigo da jabu, domin ƙwai ɗaya na bogi yana sa mutum goma su yanke ƙauna.

Mu kuma da muke nan, kada mu jira. Yau da magariba kowa ya zagaya gidansa ya ƙirga jan ƙwai nawa ya rage. Mai mita ya rubuta yunit ɗinsa ranar da ya canja, bayan kwana 30 ya sake dubawa, ya zo ya gaya wa 'yan uwa abin da ya gani. Matasanmu na mazaɓu su leƙa gidajen iyayenmu tsofaffi su taya su canjawa. Neman a rage farashi yana nan, neman mita yana nan, ba mu ajiye ko ɗaya ba. Amma kuɗin da muke ƙonawa a silin da hannunmu, wannan kam ba sai mun jira kowa ba.

Allah ya yassare mana, ya ba mu wuta mai ɗorewa.