A Riƙa Auna Alif A Ruwan Shanmu

Da zarar damina ta kankama a Musawa da ƙauyukan kewaye, sai ruwan rijiya da na tafki su yi jajir da laka. Maganin da iyayenmu mata suka sani shi ne alif, wanda wasu ke kira alimun. A jefa ɗan gutsure a randa, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Dabarar tana da kyau, kuma da irinta ake tace ruwan famfo a manyan garuruwa. Abin da nake ƙorafi a kansa shi ne zuba alif da ka, ba awo.

A cikin alif akwai alminiyon, ƙarfen nan da ake ƙera tukwane da shi. In an zuba daidai, yawancinsa yakan bi laka ya kwanta a gindin randa. In an cika hannu, ragowar takan zauna cikin ruwan, a sha ta. Ƙodar mai lafiya tana fitar da ɗan abin da ya shiga jini, amma ta mai ciwon ƙoda ba ta iyawa, sai ya taru ya taɓa ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, ta shekarar 2007, ta ce kada alminiyon ya wuce miligiram 0.2 a lita guda. Wato a jarkar ɗan garuwa mai lita 25, miligiram 5 ke nan, bai kai nauyin ƙwayar shinkafa ba.

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. To, a nan bai sani ba, domin ruwan da alif ya yi wa yawa ma fari ne tas. Ko Turawa sun ji jiki. A 1988, a garin Kamalfod na Ingila, wani direba ya juye tan 20 na alif a tankin da ba nasa ba, ruwan mutum wajen 20,000 ya ɓaci.

Awon kuwa ba wuya gare shi ba. Akan ɗiga wani magani a ɗan ruwan, ya sauya launi, ƙarfin launin ya nuna yawan alminiyon. Don haka ina roƙon Hukumar Ruwa ta Jihar Katsina ta riƙa auna ruwan Funtuwa da Malumfashi a kai a kai, ta zagayo rijiyoyinmu, ta kuma sanar da jama'a sakamakon.

Mu ɗalibai ma da namu aikin. Mu cika kwalabe biyar da ruwa iri ɗaya, mu sa alif daga kaɗan zuwa mai yawa, mu nuna wa iyaye mafi ƙarancin da ya kwantar da laka. Mu kuma tuna musu cewa alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin na amai da gudawa. Bayan laka ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a tafasa shi, sannan a sha. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.