Fadamar Haɗeja: Ba yawan ruwa ne matsalar ba, lokacin zuwansa ne

Duk damina, idan kogin Haɗeja ya tumbatsa, ƙauyukan da ke kan tudu a ƙananan hukumomin Guri, Kirikasamma da Auyo kan koma tsibirai, sai da kwalekwale ake isa gare su. Ɓarnar ambaliyar 2022 ta sa mutane da dama sun ɗauki ruwa a matsayin abokin gaban yankin. Tarihin fadamar bai nuna haka ba.

Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, tsofaffin tuddan yashi ne ke rarraba kogin zuwa rassa kafin ya haɗu da na Jama'are, su nufi tafkin Chadi. A da, ruwa kan zo da damina ya janye da rani. Manomi ya girbe shinkafa, masunci ya kama kifi, makiyayi ya sauko da shanu idan ƙasa ta tsane. Tsuntsaye masu ƙaura daga Turai ma a nan suke cin hunturu, kuma a 2008 aka sanya dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya.

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 ne suka sauya wannan tsari. Yanzu ana sakin ruwa har da rani, saboda haka magudanai ba sa bushewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ciyawar kachala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru. Ruwa ya kwanta a gonakin wasu, yayin da na can gaba ke jiran sa. Kachalar ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona, ta rage wuraren kiwo har manomi da makiyayi suka koma takun saƙa.

Rabon tabarmi da buhunan hatsi bayan ambaliya agaji ne, ba magani ba. Abin da ake buƙata shi ne Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta fitar da jadawalin sakin ruwa da zai bar magudanai su bushe na wani lokaci, gwamnatocin Kano, Jigawa, Bauchi da Yobe kuma su haɗa hannu wajen yashe su. Idan ba haka ba, badi ma motocin agaji za a sake lodawa.