MA'AIKATAN JIYA: Dakta Pius Okigbo Da Cinikin Man Gyaɗa A Turai

Kowane manomi ya sani, noma daban, samun kasuwa daban. Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci Nijeriya jim kaɗan bayan samun mulkin kai a 1960.

A 1963, ƙasashen Afirka 18, galibinsu waɗanda Faransa ta mulka, irin su Nijar da Senegal, suka ƙulla yarjejeniya a Yawunde da Kasuwar Tarayyar Turai, watau ƙungiyar ƙasashe shida da suka haɗa da Faransa da Jamus ta Yamma da Italiya. Kayan waɗannan ƙasashe suka samu rangwamen kuɗin fito, alhali kuwa na Nijeriya sai an biya cikakke. Gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ba ta yarda ta shiga wannan tsari ba, domin tana jin ƙanshin mulkin mallaka a cikinsa. Amma barin koko da man gyaɗa su rasa masaya shi ma ba abin yi ba ne.

Mutumin da aka ɗora wa wannan nauyi shi ne Dakta Pius Okigbo, wanda aka haifa a 1924, ya kuma yi digirin dakta a fannin tattalin arziki a Jami'ar Northwestern ta Amurka. Yana riƙe da muƙamin mai ba Gwamnatin Tarayya shawara kan tattalin arziki aka naɗa shi jakadan ƙasar nan a Kasuwar, wadda hedkwatarta ke Brussels.

Bayan doguwar muhawara, aka sa hannu a Ikko ran 16 ga Yuli 1966. Kayan Nijeriya za su shiga ƙasashen nan shida ba fito, in ban da koko da man gyaɗa da manja da katakon filawud, waɗanda aka ƙayyade adadin da zai samu rangwame. Nijeriya kuma ba ta nemi kuɗin agaji ba. Ciniki kurum ta je yi.

Sai dai kash! Kwana 13 da sa hannu aka yi juyin mulki na biyu, a 1967 kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Okigbo ya koma ɓangaren Biyafara, dangantaka da Faransa ta yi tsami, yarjejeniyar kuwa ba ta taɓa fara aiki ba.

Duk da haka wahalar ba ta tashi a banza ba. Nijeriya na cikin jagororin ƙasashe 46 da suka haɗa kai suka ƙulla yarjejeniyar Lome da Turawa a 1975. Okigbo ya rasu a 2000.

Darasin a fili yake: wakili komai gwanintarsa, ƙarfinsa na gida. In gida ya rikice, takardar da ya sa wa hannu a waje ba ta sayar da ko buhun gyaɗa ɗaya.