Maƙogwaro, Dutsen Niƙa da Ɗura: Tilasta Ra'ayi a Ingilishi da Sifaniyanci

Ƙamus mai harshe biyu yakan jera karin magana kusa da takwararsa kamar ɗaya ne madubin ɗaya. Maganganun Ingilishi da na Sifaniyanci game da ƙaƙaba wa mutum ra'ayi sun isa su nuna raunin wannan tsari.

Bature kan ce "to ram something down someone's throat", wato a danna wa mutum abu cikin maƙogwaro. Laifin da ake ƙorafi a kansa shi ne naci da fin ƙarfi. Ra'ayin da ake dannawa yana iya zama gaskiya, hanyar isar da shi ce ta munana.

Mutumin Sifaniya yana da "hacer comulgar con ruedas de molino". Hoton ya fito ne daga ibadar Katolika: maimakon ɗan siririn burodin da ake ɗora wa mai ibada a harshe, sai a miƙa masa dutsen niƙa ya haɗiye. A nan abin da ake cusawar ne ƙarya ƙarara, kuma wanda ya haɗiye shi ya zama wawa. Akwai kuma "meter con calzador", daga ɗan ƙarfen nan da ake zura ƙafa cikin matsattsen takalmi da shi. Wannan yana nufin an cusa batu inda bai dace ba. Duka ukun suna maganar cusawa, amma na farko naci yake zargi, na biyu ƙarya, na uku rashin dacewa. Wanda ya musanya ɗaya da ɗaya ya sauya tuhumar da mai magana ya yi.

Haka abin yake da zaɓin da ba zaɓi ba. "Hobson's choice" ya samo suna daga Thomas Hobson, mai hayar dawaki a Kambirij wanda ya rasu a 1631, wanda ke cewa a ɗauki dokin da ke kusa da ƙofa ko a haƙura. Sifaniyawa kuwa wake suka kawo misali da shi a "son lentejas", ko a ci ko a bari. Ma'ana ta yi kusa, amma ɗaya harshen masu littafi ne, ɗaya na bakin murhu.

Wannan batu ya shafi manazartan Hausa kai tsaye, domin maganar da aka yi da Sifaniyanci galibi sai ta ratsa ta Ingilishi kafin ta iso Hausa. Idan mai fassarar farko ya mayar da dutsen niƙa maƙogwaro, zargin ƙarya ya salwanta tun kafin Bahaushe ya ji. Alhali Hausa ba ta rasa kayan rarrabewa ba. "Ɗura", irin wadda ake yi wa jariri da kunu, ta dace da maƙogwaron Bature. "Raina wa mutum hankali" ya fi kusa da dutsen niƙa, "dole ƙanwar na ƙi" kuma tana ɗauke da dokin Hobson.

Tun 1964 Eugene Nida ya yi kira da a auna fassara da tasirinta ga mai sauraro. A wannan rukuni na maganganu, awon yana farawa ne da gano laifin da ake ɗora wa mai tilastawa. Ya kamata sassan Hausa su koyar da ɗaliban fassara neman wannan laifi kafin su buɗe ƙamus.